Kowa da kiwon da ya karɓe shi: izini ne ko gori?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum jama'a. Jiya a fadarmu gardama ta kaure tsakanin wani saurayi da baffansa. Gidansu majema ne tun kaka da kakanni, shi kuwa ya ce haɗa farantin sola zai koya, hannunsa ba zai sake shiga ruwan bagaruwa ba. Baffan ya ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Yaron ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi. Sai baffan ya ce, to ƙarasa mana: maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Aka watse kowa na cewa karin maganar tasa ce. Wa ya fi gaskiya?

Mai Turka: Wa alaikumus salam. Ku lura, ba a ce kiwon da ya zaɓa ba, an ce wanda ya karɓe shi. Kuma karɓa ana gwada ta. Jar akuyarmu ta Maraɗi cikinta wata 5 ne, idan ta samu harawar wake, dusa da ɗan kanwa tana iya haihuwa sau 3 cikin shekara 2, kuma tagwaye ba abin mamaki ba ne. Ba don banza aka kafa mata cibiyar kiwo a garin nan tun 1963 ba. Amma ka ba mutum biyu akuya iri ɗaya, garken ɗaya ya cika, na ɗaya ya ƙare. Wanda ya sake su cikin gyauron dawa ciki ya kumbura, ko ya tsallake rigakafi, ko ya bar su kwana kan danshi da damina, sai ya ce kiwo bai karɓe shi ba. Sau da yawa shi ne bai karɓi wahalar kiwon ba. A ba yaron nan shekara guda a gani.

Malamin Zaure: Alhaji, ka bar kurar a baya. Ita ce zuciyar maganar. Zaɓinka naka ne har sai ya fara cin akuyar wani. Baffan nan tsufa yake hange, yana ganin ba mai kankare masa fata.

Ɗan Gobir: Gafarta Malam, kura ma kiwo ce. Gardawa ba da ita suke ci ba? Sai dai gardi na gaske ba ya fito da ita sai da takunkumi da sarƙa, kuma shi ke nemo mata nama. Maƙwabcinsa na barci lafiya.

Hajiya ta Tibiri: Ƴaƴana ku saurara, kakata ta wajen uwa tana da labarin da take bayarwa duk sanda aka kawo wannan karin magana. A ƙauyensu kowace amarya da akuya take tarewa. Wata yarinya ta ce ita zabi take so. Aka yi ta yi mata dariya, uwar mijinta ta ce an kawo musu tsuntsun daji da surutu. Damina ta farko ta bar zabuwa ta kwanta da kanta, zabuwa ta ja ƴaƴan cikin raɓa da jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe su. Ba ta daina ba. Shekara ta zagayo, ta riƙa bin zabuwar har inda take ɓoye ƙwai, ta kwashe ta bar mata biyu ko uku don kada ta sauya maƙwafi. Ta sa wa kaza mai kwanci guda 15. Ta gane na kaza kwana 21 yake, na zabo sai 26 zuwa 28, don haka idan za ta haɗa, sai ta jinkirta na kazar mako guda, in ba haka ba kaza ta tashi da ƴan tsakinta ta bar sauran su huce. Suna fitowa ta kife su cikin akurki, ba fita sai rana ta busar da raɓa, ga gara da tsakin hatsi, ga ruwa a kasko marar zurfi da ƴan duwatsu ciki don kada su nutse. Kakata ta ce da kuɗin ƙwan zabin nan ta yi wa ƴarta gara, har uwar mijin ta zo aron ƙwai. Abin da tsohuwa ke ƙarawa kullum shi ne, duk renon da kaza ta yi musu, ranar da fiffike ya yi ƙwari kan icce suke kwana.

Malamin Zaure: To Hajiya ai kin koma wajen baffa. Zabo ya bi jininsa, hali zanen dutse.

Hajiya ta Tibiri: A'a Malam, yarinyar nake nuna maka, ba zabon ba. Tsuntsu ba shi da ta cewa, ita kuwa ta ce a'a ga gari guda, kuma ta ɗauki asarar shekarar farko ba ta ɗora wa kowa ba.

Ɗan Gobir: Akwai waɗanda kowane kiwo ke karɓarsu. Jiya suna wannan jam'iyya, yau suna waccan, gobe duk wanda ya hau su ne a gaba da kirari. Kuma kurarsu a garken talaka suke ɗaure ta, ba takunkumi.

Mai Turka: Wallahi har harawar sukan haɗa da ita.

Ɗan Bagalam: Jama'a mun bar yaro da baffansa a tsaye fa.

Mai Turka: A ce masa ya riƙa taya tsohon jiƙa fata da safe, da la'asar ya tafi wajen ubangidansa. Hajiya, idan kaza ta ƙi zama kan ƙwan zabi bayan mako uku, me kakarki ta ce a yi?

Hajiya ta Tibiri: A mayar wa wata da ta fara kwanci, da dare, tun ƙwan bai huce ba.