Haruffan lanƙwasa sun ɓace a littafina, ina neman mafita

Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Don Allah wanda ya san kan wannan lamari ya taimaka mini.

Shekara biyu na yi ina rubuta littafina na farko. Da na gama, na biya wani edita mai zaman kansa ya tace mini shi, kuma gaskiya ya yi ƙoƙari wajen raba kalmomi da gyaran ƙa'idojin rubutu. Matsalar ta ɓullo ne da na kai wa maɗaba'a a nan Kano. Suna zuba rubutun daga Microsoft Word zuwa CorelDraw, manhajar da suke tsara shafuka da ita, sai ɓ, ɗ da ƙ suka koma ƙananan akwatuna. A wasu shafukan ma lanƙwasar ce kawai ta faɗi: inda na rubuta "ƙafa" ya zama "kafa", "ɗaki" ya zama "daki". Ma'anar jimla gaba ɗaya ta sauya, raina ya ɓaci sosai.

Editan ya ce da tsohon salon haruffa ya yi aikin, wanda ba na Unicode ba, wato tsarin haruffa na bai ɗaya da kwamfutoci ke amfani da shi. Mai maɗaba'a kuma ya ce sai dai a bi shafi ɗaya bayan ɗaya a gyara da hannu, a ƙara masa kuɗi.

Shin akwai hanyar mayar da haruffan gaba ɗaya lokaci guda? Ko in mayar da littafin PDF daga kwamfutar editan, zai fita daidai? Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ma na riga na karɓa, matsalar haruffan nan ce kaɗai ta tsayar da ni.