Neman kalma: me za mu kira akwatin da ke raba wutar gari da ta janareta?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina da aikin da za a karɓa gobe da ƙarfe 10 na safe, takardar faɗakarwa ce ga masu gida a kan yadda ake shirya wayarin ɗin gida kafin a jona masa janareta. Na kusa gamawa, kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya. Turancin ya ce transfer switch, wani wurin kuma changeover switch. Akwatin nan ne mai hannu da ake kafawa kusa da mita, wayar gari ta shigo ta gefe guda, ta janareta ta ɗaya gefen, gida ya sha daga wadda aka zaɓa. Da farko na sa "makunni", amma da na sake karantawa sai na ji bai zauna ba. Kusan kowane sakin layi sai ta fito, don haka ba zan iya kewaye ta ba. A taimaka.

Ɗalibin Harshe: Wa alaikumus salam. Masauyi. Daga sauya, kamar mabuɗi daga buɗe, makulli daga kulle. Jam'i masauyai.

'Yar Rediyo: Ni majuyi ya fi mini daɗin faɗa, tunda juya hannun ake yi.

Mai Wayarin: Malama, canjoba muke cewa, haka masu gida ke cewa, haka masu sayar da kayan wuta ke cewa. Amma ko me za ki sa, don Allah ki cire makunni. Makunni wuta ɗaya ya sani, ya kunna ya kashe. Wannan kuwa matsayi uku gare shi: gari, tsakiya, janareta. Idan kika kama hannun kika ja, za ki ji ya yi ƙwas a tsakiya, gida ya yi duhu na ɗan lokaci, sannan ya kama ɗaya gefen. Wannan ɗan duhun shi ne aikin gaba ɗaya. Sai ya saki waccan tukuna yake kama wannan. In kika rubuta makunni, wani zai karanta ya ce ai ina da babban makunni a gidana, shi ke nan na cika sharaɗi. Na taɓa zuwa wani gida na tarar da waya mai fulogi kai biyu, ɗaya a jikin janareta ɗaya a soket ɗin bango. Maigidan ya ce ai kullum yana kashe babban makunni kafin ya tayar da inji. Ran nan ya fita, yaro ya tayar, aka manta, aka dawo da wuta. Tun daga ƙofa na ji ƙaurin ƙonannen naɗin wayar cikin injin, fentin jikin injin duk ya tashi ya yi ƙuraje. Shi inji ya yi asara kawai. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne fulogin da aka zare daga bango aka yar a ƙasa, haƙoransa a tsirara, a gidan da yara ke rarrafe. Da inji na aiki da wuta ce zalla a jikinsu.

Injiniya: Ina goyon bayansa. Kuma haɗarin bai tsaya a cikin gida ba. Taransifoma ba ta san gaba da baya ba. Wadda ke sauko da bolt 11,000 zuwa 230 don gidaje, in ka tura mata 230 daga gidanka, za ta ɗaga shi ta mayar kan layi. Ma'aikacin da ya kashe layi ya hau falwaya yana ganin babu wuta, wutar janaretanka ce za ta same shi a can sama. Shi ya sa dokar wayarin ta Amurka, a sashe na 702, ta wajabta irin wannan na'ura ga janaretan ko-ta-kwana. Majuyi kuma ina da ja a kansa. Akwai inbata, wadda ke juya wutar batir ta koma irin ta soket, kuma mutane da yawa yanzu suna da su biyun a bango ɗaya. Ƙari a kan haka, da Faransanci wannan akwatin namu inverseur ake ce masa, ita inbata kuma onduleur. Masu karatunki da suka taso da Faransanci dama a ruɗe suke a kan wannan, kada mu ƙara musu. A bar juya wa inbata.

'Yar Rediyo: Na janye. Ban san da wannan ba.

Tsohon Malami: Na karanta duka, kuma raina bai yi daɗi ba. An tambayi kalmar Hausa, ga shi ana ta zubo mana canjoba da inbata da fulogi. Shekara da shekaru ina faɗa a aji: Bahaushe ba ya raɗa wa abu suna sai ya dubi halinsa. Injiniya da Mai Wayarin sun gama faɗa mana halin wannan abu, yana hana wuta biyu haɗuwa. To sunansa hana-karo. Ginin kalmar namu ne tsantsa, irin na raba-gardama da hana-salla. Wanda ya ji ta sau ɗaya ya san me ya sa zai kashe kuɗinsa ya saya. Masauyi ba ta da rai. Tufafi ma sauya su ake yi.

Ɗalibin Harshe: Allah ya gafarta Malam, ginin daidai ne, ba musu. Amma sunayen kayan aiki yawanci ma- suke ɗauka: ma'auni, magirbi, matsefi. Harɗaɗɗun sunaye irin hana-kaza sun fi kama da laƙabi.

Tsohon Malami: Wa ya kafa wannan doka? Littafin da ka karanta bara? Kuma masauyi ɗinka mutum ne ko ƙarfe? Manomi mutum ne, maɗinki mutum ne. Mai karatu zai ɗauka yaron da ake aika ya sauya wutar ake nufi.

Ɗalibin Harshe: A baki karin sauti yana raba su, Malam. Sunan kayan aiki duk gaɓoɓinsa sama suke, na mai aikatawa yana faɗuwa a tsakiya. Jam'i ma ya bambanta, manoma amma mabuɗai. Na yarda a rubuce ba a gani, amma ba wanda ya taɓa karanta makulli ya zaci mutum ne.

Mai Wayarin: Baba, da girmanka, ka gwada ta a bakin aiki. An ɗauke wuta, kana waje wurin inji, ka ɗaga murya ka ce wa na ciki "ja hana-karon". Zai tsaya yana kallonka. Kuma karo a kunnen mutane na mota ne. Wasu za su zaci abin nan ne da ake sa wa firij don kada wuta mai ƙarfi ta ƙona shi.

Tsohon Malami: Zai tsaya yana kallona ne saboda ku kuka fara koya masa canjoba. Da kun koya masa tamu da ita zai sani. Wannan shi ne ciwonmu. Larabawa suna da kalmarsu ta lantarki, masu Suwahili suna da umeme, mu kuwa duk abin da ya sauka daga jirgi sai mu karɓe shi da sunansa da rigarsa. Ni ko janareta ba na rubutawa, na'urar samar da wuta nake cewa.

Injiniya: Malam, na'ura Larabci ce, asalinta keken ɗebo ruwa daga kogi. Kahraba ɗin da Larabawa ke faɗa kuma daga Farisanci suka aro ta, sunan wani daskararren ƙaron itace ne da ke jan tsinke in an goge shi. Turawa ma haka, daga sunan wannan ƙaro a Girkanci wani masanin kimiyya ɗan Ingila, William Gilbert, ya gina tasu kalmar a 1600, daga nan ta yi tafiya har ta iso mu ta zama lantarki. Masu Suwahili da ka ambata jenereta suke cewa. Kowa ya ara.

Tsohon Malami: Aron da ya kwana ɗari a gida har ya koyi gaisuwa daban, wanda ya shigo jiya da takalmi daban.

Mai Wayarin: Abin da ke ba ni haushi a irin wannan zance shi ne, mu da muke riƙe da tasta da filaya, wuta ta ja mu ta sake mu, ba a tambayarmu sai an gama raɗa suna a ofis. Sannan a ce mu ne muka ɓata harshe. Canji ai ta daɗe da zama Hausa. Wa ke cewa ba Hausa yake ji ba in an ce a ba shi canji?

Injiniya: Gaskiya ne, sai dai canjoba a bakinku ta faɗaɗa da yawa. Na ga ana kiran makunnin nan mai kama da wuƙa, mai buɗaɗɗen baki, canjoba, ana kiran mai aiki da kansa canjoba, har wanda ke yanke waya mai wuta kawai ya bar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a haɗe shi ma canjoba. Alhali yanke nutural ko barinsa ya danganta da yadda aka haɗa janaretan da ƙasa, ba abin da za a yi da ka ba ne.

Mai Wayarin: Injiniya, wannan ai ba laifin kalma ba ne. Kai ma a takardarka suna ɗaya kake ba su, sai ka ƙara bayani. Ko don mu ba mu da digiri ne?

Injiniya: Ban nufi haka ba, ɗan'uwa. In ta zo maka da zafi ka yi haƙuri.

Mai Fassara: Malamai, dare yana yi, kuma har yanzu gurbin a buɗe yake. Don Allah mu koma kan akwatin. Ga jimlar da nake son cikawa: "Kada ka jona janareta da wayarin ɗin gidanka sai ta hanyar ______ wanda ƙwararren mai aikin lantarki ya kafa." Sannan akwai wasu biyu da suka biyo ta. Ɗaya ɗan farantin ƙarfe ne da ake ɗaurawa a allon makunnai, ya tokare na janareta muddin babban makunni na kunne. Ɗayar kuma komawar wuta kan layi da Injiniya ya yi bayani.

'Yar Rediyo: Farantin nan ai sakata ce. Ana zura ta, ta tokare wannan ta saki wancan.

Mai Wayarin: Sakata! Wallahi ita ce. Gobe ma da ita zan yi wa yarana bayani.

Tsohon Malami: To kun gani. Da aka duba cikin gida ai an samu. Wannan farantin ma hana-karo ne, amma na bar muku sakata. Babban akwatin dai ina nan a kan bakana.

'Yar Rediyo: Na karanta jimlar da ƙarfi sau uku kamar ina gaban makirfo. "Ta hanyar hana-karo" tana da daɗi, amma sai na tsaya na yi bayani kafin mai sauraro ya gane wane abu ne a bangonsa. "Ta hanyar masauyi" ita kaɗai ta yi tsirara. "Masauyin wuta" ya fi, kuma yana karɓar ƙari ba wahala: masauyin wuta na hannu, masauyin wuta mai aiki da kansa. Gwada "hana-karo mai aiki da kansa" ku ji yadda harshe ke harɗewa.

Ɗalibin Harshe: Ƙarin "wuta" ɗin nan ya kuma kashe zancen mutum ko ƙarfe.

Injiniya: Na yarda da masauyin wuta. Komawar wuta kan layi kuwa ban ga kalma ɗaya da za ta ɗauke ta ba. Amai na so in ce, amma ba ta dace da takardar da ke maganar ran mutum ba. Ki rubuta ta a jimla. Kuma Malama, in takardar ta ambaci inda ake ajiye injin, ki tabbata nisan ya fito sarai: a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa da taga, saboda iskar kabon monoksaid ba ta da wari ba ta da launi. Ki rubuta da ƙafa, ko ki ce tsawon mita 6, don kada a haɗa da mitar bango.

Mai Fassara: Ta ambata, na gyara. Ga abin da na tsayar. A farkon fitowarta: "masauyin wuta, wanda masu wayarin ke kira canjoba". Daga nan har ƙarshe masauyin wuta kawai. A bayanin aikinsa na sa: "Yana sakin wutar gari kafin ya kama ta janareta, don hana karo tsakaninsu, kuma don kada wutar gidanka ta koma kan layi ta kashe mai gyara." Baba, ka ga kalmarka ta shiga.

Tsohon Malami: Ta shiga a matsayin 'yar rakiya. Ba komai, 'yata, aikinki ne kuma lokaci ya ƙure miki. Amma canjobar nan da kin cire ta.

Mai Wayarin: In ta cire, maigida zai je shago ya ce a ba shi masauyin wuta, a ce babu, ya dawo ya ɗauko wayarsa mai kai biyu.

Tsohon Malami: To a bar ta sau ɗaya. Sau ɗaya tak. Ni dai a wurina hana-karo ne, kuma haka zan ci gaba da koya wa duk wanda ya tambaye ni.

Mai Fassara: Sau ɗaya ce, Baba. Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Komawar wutar na bar ta a jimla yadda Injiniya ya ce. In wani ya samo mata kalma kafin ƙarfe 8 na safe ya ajiye a nan, zan leƙo kafin in tura.