Neman shawara: malamina ya ce in karkata ga riyoloji

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina digiri na biyu a injiniyancin sinadarai. Malamin da ke duba aikina ya ce in ɗauki riyoloji, ilimin yadda abubuwa masu kauri ke gudana, har ya ce in karanta tarihin Eugene Bingham. Ni kuma tsoro nake ji, kar in ƙare a fagen da ko sunansa ba a sani ba. Ku ba ni shawara don Allah.

Amsar wani malamin jami'a:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Bingham malamin kimiyyar sinadarai ne a Kwalejin Lafayette da ke Amurka, kuma da fenti ya yi suna. Me ya sa fenti ke bin buroshi amma ya tsaya a bango bai zuba ba? Ya nuna cewa wasu abubuwa ba sa motsi sai ƙarfin da aka sa musu ya wuce wani mizani, kamar man goge baki da ba ya fita sai kin matsa. Har yau sunansa ake kiran irin waɗannan abubuwa da shi. Shi ya raɗa wa fagen suna, yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masana riyoloji a 1929, ya rasu a 1945, tun 1948 kuma ake ba da lambar yabo da sunansa. Yawancin wannan aiki ya yi shi ne yana koyarwa a ƙaramar kwaleji, abin da ya fi burge ni ke nan.

Wata 'yar uwa:
Yaya, leƙa kicin. Damƙi gasarar koko da ƙarfi, za ta yi tauri, ki buɗe hannu ta zube tsakanin yatsu. Ga yauƙin miyar kuɓewa. Kayan binciken suna gabanki.

Wani injiniya:
Laka da muke haƙa rijiyar mai da ita, da lissafin Bingham muke auna ta. Dole ta riƙe ɓarɓashin dutse in an kashe famfo. Aiki akwai. Amma kafin ki amsa, tambayi malam ko na'urar awon sashenku tana aiki, in ba ta yi, a ina za ki yi gwajin.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Gobe zan fara da maganar na'urar.