Neman shawara: Da wane faifai zan fara wa abokaina?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawuna ya rasu bara, ya bar mini akwatin ƙarfe cike da fayafayan garmaho, sun haura arba'in. Ya yi karatu a Ingila a shekarun 1970, daga can ya taho da su. A bayan kowane kwali akwai rubutun hannunsa da shuɗin biro, ranar da ya saya da sunan garin. Tun ina yaro nake zama a ɗakinsa bayan la'asar, ya ɗora allura a hankali, ya ce mini kada in yi magana sai faifan ya tsaya.

Asabar da ta wuce na gayyaci abokaina uku, na dafa shayi, na sa musu wanda ya fi kwanta mini a rai, A Love Supreme na John Coltrane. Kafin gefen farko ya ƙare, biyu sun koma kan wayoyinsu, ɗayan kuma ya tambaye ni yaushe mawaƙin zai fara rerawa. Abin ya sosa mini rai. Ban ga laifinsu ba, amma ina so su ji abin da nake ji. A akwatin akwai Miles Davis, Pink Floyd, Bob Dylan, Joni Mitchell, Santana da sauransu. Da wanne zan fara? Sannan ƙurar hunturu ta fara sa wasu ƙaraf-ƙaraf, yaya zan yi da su?

Wani dattijo daga Zariya:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Ɗana, ka ɗora wa baƙi kayan da ya fi ƙarfinsu. Faifan nan na 1965 godiya ce Coltrane ya yi wa Ubangiji, kashi huɗu a jere, sai wanda kunnensa ya riga ya saba ke iya bin sa. Kai shekaru ka yi a gindin kawu kafin ya shige ka, su kuma rana ɗaya ka ba su.

Ɗauko Kind of Blue na Miles Davis, na 1959. Coltrane ɗinka yana ciki, ga Bill Evans a piyano. Sa musu "So What" kaɗai, minti tara ne da 'yan kai. Kafin ka sa, ce musu su kasa kunne ga babban gogen nan mai kaurin murya da ake kaɗawa da yatsa: shi zai yi kira, sauran su amsa masa da sauti biyu, ya sake kira, su sake amsawa. Bahaushen da ya taso da Shata da 'yan amshinsa ya san wannan tsari tun yana goye. Da zarar sun gane akwai mai ba da waƙa da masu karɓa, ba za su ƙara neman mawaƙi ba.

Ka duba akwatin da kyau ko akwai Eastern Sounds na Yusef Lateef, na 1961. Mutumin nan ya zauna a nan Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Najeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, kuma sarewa na cikin abin da ya nazarta. Faɗa wa abokanka wannan kawai, ka ga yadda za su gyara zama.

Wata 'yar uwa daga Maradi:

Baba, a gafarce ni, ni ba da jaz zan fara ba. Matasan yanzu jita suka sani. A nan Nijar kowa ya san kiɗan Bombino na Agadas, shi kuwa da kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler ya goge hannunsa. Tunda kana da Santana, duba ko na farko ne, na 1969. Akwai "Jingo" a ciki, asalinta kiɗan Babatunde Olatunji ne, ɗan Najeriya mai ganga. Ba a jin ta a zauna shiru.

Sai maganar Dylan da Joni Mitchell. Mu kunnenmu zance yake nema a waƙa, in babu ma'ana sai mu ga kamar an cuce mu. To ka ba su ma'anar. Zaɓi waƙa ɗaya daga Blue, faifan Joni Mitchell na 1971, ka faɗa musu da Hausa abin da take kuka a kai, jimla biyu ko uku, sannan ka sa. Mace ɗaya ce da kayan kiɗanta tana faɗin abin da ke ranta, kamar yadda marigayi Ɗan Maraya Jos ya riƙa zama da kuntiginsa. Haka na yi wa ƙanwata, yanzu ita ke roƙona in sa. Dylan kuwa an ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016 saboda kalmomin waƙoƙinsa, don haka shi ma sai da fassara.

Mai gyaran rediyo daga Kano:

Ni kan ƙura zan yi magana. Malam, fitar da su daga akwatin ƙarfen nan, zafin bazara zai lanƙwasa su, kuma faifan da ya lanƙwashe da wuya ya miƙe. Jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da taga, kada ka ɗora wani kan wani. Riƙe su ta baki-baki, yatsa kada ya taɓa layukan. Goge da ƙyalle mai laushi, kana bin zagayen layin. Kada fetur ko kananzir su kusance su. In allurar tun ta kawu ce, canza ta kafin ka ƙara sa ko ɗaya, tsohuwar allura cin faifai take yi.

Wani ɗan uwa daga Kumasi:

The Dark Side of the Moon, faifan Pink Floyd na 1973, ajiye shi sai zama na uku ko na huɗu. Waƙoƙinsa a sarƙe suke, daga bugun zuciyar da ya buɗe shi har ƙarshen gefe, ba a yanka shi. Kuma kowane zama gefe ɗaya ya isa, wajen minti ashirin ke nan. Ka ce kowa ya zo da waƙar da yake so a wayarsa, kai ma ka saurari tasu har ƙarshe ba tare da ka taɓa wayarka ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na zazzage akwatin daren jiya, babu Lateef, amma Kind of Blue yana nan, kawu ya rubuta 1974 a bayansa. Na sa shi ni kaɗai, na ji amshin nan da kuka faɗa, ban taɓa lura da shi haka ba. Yaya, Santana na farkon ne, da zanen zaki a kwalin. Asabar mai zuwa in sha Allah zan buɗe da "Jingo", in bi da "So What", sannan in ba su fili su sa nasu. Malam mai gyara, na riga na jera su a kanta. Zan ɗauki hoton kan allurar in turo maka, ka gaya mini irin wadda zan nema.