Daga tsaunin Mambila zuwa bakin teku cikin kwana 9: ina neman shawarar waɗanda suka san hanya

Mai tambaya, daga Gombe:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu hutun kwana 9 a ƙarshen watan Disamba, kuma na yi wa iyalina alkawarin tafiyar da muka daɗe muna maganarta, wato mu tashi daga Gombe a motarmu, mu fara da gandun dajin Gashaka-Gumti, mu hau tsaunin Mambila har Gembu, daga nan mu nufi tsaunin Obudu a jihar Kuros Riba, sannan mu ƙarasa Kalaba domin yara su ga teku da idonsu, tun da ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Dadin Kowa faɗi ba. Mu biyar ne, ni da maiɗakina da yara uku, ƙaraminsu yana da shekara 7. Motar Sienna ce mai canza giya da kanta, lafiyarta ƙalau, sai dai ban taɓa hawa dutse da ita ba. Da na duba taswira na ga Gembu da Obudu duk suna gefen iyakar Kamaru, sai na ɗauka cewa akwai hanyar da ta haɗa su kai tsaye. Shin haka ne? Kuma kwana 9 za su ishe mu zuwa da dawowa ba tare da mun wahalar da yaran ba?

Wani direba da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Jalingo da Gembu:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Taswira ta ruɗe ka. Hanyar kwalta da ke hawa Mambila guda ɗaya ce, daga Jalingo ta bi ta Garba Chede da Bali da Serti, ta fara hawa a Mayo Selbe, ta wuce Maisamari da Nguroje, ta ƙare a Gembu, kuma duk wanda ya hau da mota irin taka, ta inda ya hau ta nan zai sauko. Idan ka sauko sai ka koma Bali, ka nemi Takum ko Wukari, ka shiga jihar Binuwai ta Katsina-Ala, kafin ka fara tunanin Obudu. Yanzu ka ƙirga da kanka: kwana ɗaya daga Gombe zuwa Jalingo, na biyu zuwa Serti, na uku a cikin gandun, na huɗu hawa Gembu, na biyar zama a can, na shida saukowa, na bakwai isa Obudu da la'asar, na takwas Kalaba. Saura kwana ɗaya ke nan, alhali komawa Gombe daga Kalaba da yara a mota ba ya yiwuwa ƙasa da kwana biyu. Taura biyu ba ta taunuwa, sai ka zaɓi tsauni ɗaya.

Ko wanne ka zaɓa, maganar birki ɗaya ce, kuma ita ce ta sa na tsaya rubuta wannan amsa. Masu zuwa daga ƙasa mai shimfiɗe suna tsoron hawa, mu kuwa da muka saba gangara muke tsoro. A wurin da muke kira Biyu da Sisi na sha tarar da baƙi a gefen hanya, hayaƙi na fita daga tayoyin gaba, saboda sun ɗora ƙafa a kan birki tun daga sama har ya yi zafi ya daina kamawa. Kafin ka fara gangara, ka mayar da giyar motarka zuwa 2 ko L, ka bar inji ya riƙe nauyin motar, birki kuwa ka taka ka saki. Idan ka ji wari kamar na ƙonanniyar roba, ka tsaya a inda ake hango ka daga nesa ka jira ya huce da kansa, kada ka watsa masa ruwa. Kafin ka bar Gombe ka kai wa makanikinka ya duba birki da man birki da lagireto, ka tabbatar safayar taya tana da iska, kuma ka cika tanki a Jalingo, domin mai yana ƙara tsada gwargwadon yadda kake ƙara hawa.

Abu na ƙarshe, kada magariba ta same ka tsakanin Takum ko Wukari da Katsina-Ala. Duk garin da ka kwana, ka je tasha da asuba ka tambayi direbobin da suka shigo jiya halin da hanya take ciki, har da batun gadar Namnai da ambaliya ta karya a 2024 a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari.

Wani malamin makaranta daga Serti:

Ina goyon bayan abin da Malam direba ya faɗa game da lissafin kwanaki, amma zan ƙara da cewa kwana ɗaya a Gashaka-Gumti ba komai ba ne illa leƙe. Shi ne gandun daji mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, kuma a cikinsa ne Chappal Waddi yake, dutse mafi tsawo a ƙasar nan, mai tsayin mita 2,419. Hawansa tafiyar kwanaki ce a ƙafa tare da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya, ba ta yaro ɗan shekara 7 ba ce. Abin da ya dace da iyali shi ne ka biya ta ofishin gandun a Serti ka karɓi izini da jami'in da zai raka ku, ku shiga wajen ƙauyen Gashaka, inda za ku iya ganin birai da tsuntsaye, wataƙila har da dorina a bakin kogi. Kada ka yi wa yara alkawarin za su ga manyan dabbobi a fili, domin kurmi ne da tuddai, dabba na iya kasancewa kusa da kai ba ka gan ta ba. Sienna kuma gindinta a ƙasa yake, gara ka ajiye ta a Serti ka ɗauki hayar mota mai tsayi.

Ka kuma lura da lokacin da ka zaɓa. Hanyoyin cikin gandun sun bushe a Disamba, wannan alheri ne, amma hazo yana iya rufe tsaunukan har hoton da ka zo ɗauka ya fito fari fat. A Gembu kuwa sanyin asuba yana shiga ƙashi, sai ku taho da rigunan sanyi da barguna.

Mai tambaya:

Allah ya saka da alheri. Gaskiya jikina ya yi sanyi, amma gara da na ji tun ina gida. Idan dole sai an ajiye ɗaya, teku shi ne alkawarin da yaran suka riƙe, don haka ina ganin Mambila za mu bari. Waɗanda suka san ɓangaren Kuros Riba su taimaka mini.

Wata Hajiya mazauniyar Kalaba:

Ɗan'uwa, kafin ka yanke hukunci ka sani cewa Kalaba ba a bakin teku take ba. Garin yana gaɓar kogin Kalaba ne, kuma abin da yara za su gani a wurin shaƙatawa na Marina ruwan kogi ne mai faɗi da kwalekwale da itatuwan da ke tsiro cikin ruwa, babu igiya mai tashi tana dukan yashi. Na taɓa kai 'ya'yan yayata can bayan sun yi wata guda suna murnar ganin teku, ƙaramar ta dube ni ta ce wannan ai kogin Binuwai ne. Idan tekun gaske kake so, sai ka ƙara kwana ɗaya zuwa Ibeno a jihar Akwa Ibom, ta Uyo da Eket, kuma ka fita da sassafe saboda hanyar Kalaba zuwa Itu cike take da manyan motoci. A Ibeno ka riƙe hannun yaran, ruwan yana ja da ƙarfi ko da bai kai gwiwa ba.

Hanyar Obudu zuwa nan kuwa ita ce daɗin tafiyar. Daga gindin dutsen Obudu zuwa tsohon wurin kiwon shanun da aka kafa a 1951 akwai hawan kimanin kilomita 11 mai lanƙwasa sama da 20, kuma ka tambaya tun kafin ka iso ko motar igiya da ke kai mutane sama tana aiki, domin ba kullum take aiki ba. Daga Obudu ka bi ta Boki zuwa Ikom, ka ware rabin yini ka kai su faɗuwar ruwa ta Agbokim, sannan ka biyo ta Ugep da Akamkpa ka shigo gari. Abinci da masallaci kada su dame ka, unguwar Bogobiri ta Hausawa tana tsakiyar Kalaba, a hanya kuma ku riƙe guzurinku sai inda kuka ga mahautanmu. Matsalarka babba ita ce masauki, domin ƙarshen Disamba lokacin kanibal ne, wato babban bikin raye-raye a titunan Kalaba, otal-otal suna cika, kuɗinsu yana tashi, ana kuma rufe manyan tituna a ranakun fareti.

Wani ɗan'uwa daga Yola:

Ni dai ra'ayina ya bambanta, tare da girmamawa ga Hajiya. Mutumin da ke Gombe bai kamata ya bar Mambila da ke kusa da shi ya tafi neman Obudu ba. Tsayinsu kusan ɗaya ne, wajen mita 1,600, amma Mambila ƙasa ce sukutum mai garuruwa da kasuwanni da rugagen Fulani da gonakin shayi na Kakara, ga Hausa da Fulatanci ana ji ko'ina. Da ni ne, sai in ba Gashaka da Mambila kwanakin nan 9 a natse, teku kuma in ajiye shi zuwa hutun watan Afrilu, lokacin da babu cunkoson biki.

Mai tambaya:

Na karanta wa maiɗakina amsoshin duka, mun kuma sa yaran sun zaɓa, teku ya ci da ƙuri'a uku babu hamayya. Za mu bi ta Jalingo da Wukari, mu kwana biyu a Obudu, ɗaya a Ikom, mu ratsa Kalaba da rana kawai mu kwana a Uyo, washegari mu wuce Ibeno. Malam direba, idan na tashi daga Wukari bayan sallar asuba, zan iya kaiwa gindin dutsen Obudu kafin la'asar, ko in kwana a garin Obudu in hau da safe?