Darasin ilimin ƙananan halittu: hadda ko fahimta?

Ɗalibin shekara ta biyu:
Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. A wannan zangon muka fara darasin ilimin ƙananan halittu, wato maikurobayoloji, kuma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yawan sunayen Latin na bakteriya, ga matakan rinin Gram da ake so mu riƙe a ka. Shin hadda ce kaɗai mafita, ko akwai wani tushe da idan mutum ya kama shi sauran za su zo da sauƙi?

Malamar ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Tushen da kake nema shi ne bangon ƙwayar bakteriya. Rinin da Hans Christian Gram ya fito da shi a 1884 yana raba bakteriya gida biyu ne saboda bambancin wannan bango. Masu kaurin bangon peptidoglycan, wato sinadarin da aka gina bangon da shi, suna riƙe shunayyar rinin farko ko da an wanke su da alkohol, su kuwa masu siririn bango sai launin ya zube, su ɗauki launin ruwan hoda na rini na biyu, wato safranin. Wanda ya gane haka ba ya buƙatar haddace matakan, domin ya san aikin kowanne, ya kuma san dalilin da ya sa daɗewa wajen wankin alkohol ke ɓata sakamako. Daga nan ne ma za ka fahimci penisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928: ginin wannan bango yake hanawa, shi ya sa ya fi tasiri a kan rukunin farko, tunda na biyu suna da ƙarin fata ta waje da ke tare shi.

Tsohon ɗalibi:
Malama ta yi gaskiya, amma kada ɗan'uwa ya ɗauka ya tsira daga hadda baki ɗaya. Babu dabarar da za ta gaya maka cewa sai an kai digiri 121 na ma'aunin Selsiyos na tsawon minti 15 a otokilef, wato na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi, kafin kayan aiki su tsarkaka. Wannan riƙe shi ake yi.

Mai karatun digiri na biyu:
Ni abin da zan ƙara shi ne lissafi, wanda ɗalibai da yawa ke rainawa har sai jarrabawa ta zo. Bakteriyar da ake kira Escherichia coli tana rabuwa biyu a kusan kowane minti 20 idan ta samu abinci da ɗumin da ya dace, ta yadda ƙwaya ɗaya za ta haura miliyan 2 cikin awa 7. Ƙwayar tarin fuka da Robert Koch ya gano a 1882 kuwa tana ɗaukar awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu, abin da ya sa ake jiran makonni kafin ta bayyana a farantin gwaji. Saboda haka, ɗan'uwa, ka koma kan logaridam tun kafin ku shiga babin girman bakteriya, domin da shi ake zana jadawalin.