Wa ya taɓa sayen kayan "oganik" saboda yara? Ku zo mu faɗa wa juna gaskiya

Maman Ilham, Tunfure: Salam 'yan uwa. Wata takwas kenan ina sayen garin kunun yara wajen wata mai talla a WhatsApp, roba ɗaya kuɗin mudu uku na gero, an manna takarda wai oganik ɗari bisa ɗari, wato an noma shi ba takin zamani ba feshin sinadari. Jiya dai na ce bari in tambaye ta ina ake noma gyaɗar da waken suyan, budar bakinta sai cewa ta yi a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe take aunowa. To ni ma ai can nake auno nawa! Wlh raina ya ɓaci, ba don kuɗin ba ma, tunanin me yarinyar nan take sha ne ya hana ni barci. Wanda ya san wani abu ya faɗa mana.

Hamma Sale mai hatsi: Hajiya shekarata 19 a harkar nan, ban taɓa ganin buhun da aka ware aka ce wannan oganik ne ba. Abin da na sani shi ne wake in ba a sa mai magani ba ƙwari sun gama da shi kafin damina. Wasu ƙwayar maganin ƙwari da ake kira bom suke jefawa a buhu, wasu kuma marasa tsoron Allah Sniper suke yayyafawa, shi ya sa ma a 2015 Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya, sinadarin ya yi yawa a ciki. Na gidana kam a buhun PICS nake zubawa, mai leda biyu a ciki, a ɗaure tam iska ba ta shiga ƙwarin su mutu da kansu. In kin ga wake tas a watan Yuli ko huda ɗaya babu, ki shinshina shi tukuna.

Adda Jummai, Jekadafari: Hamma ka tuna min, na taɓa jiƙa wake zan yi alale kicin ya ɗau warin fiya-fiya, zubarwa na yi ko akuya ban ba ba.

Sista Hauwa: Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma abin da ya fi damuna ba ma wake ba ne, dalma ce. Kun tuna Zamfara a 2010, su Bagega da ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare da ake daka a cikin gida. Wancan ya fito fili ne don ya yi yawa. Ɗan kaɗan ɗin shi ne mugu, yaro yana wasansa lafiya lau amma tana taɓa ƙwaƙwalwa, sai an sa shi makaranta a ce ba ya ganewa a yi ta dukansa. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a ce ba komai, kuma tana ratsa mahaifa ta kai ga ɗan tayi. Kwallin nan na dutse mai ƙyalli da muke rambaɗa wa jarirai ran suna, sau da yawa dalma ce ta fi yawa a cikinsa. A Amurka an taɓa samun jaririn 'yan Najeriya a Boston da ita a jini, da aka bi diddigi kwallin da aka kai musu daga gida ne. Na hana a sa wa nawa, ni da surukata mun yi wata guda gaisuwa kawai.

Malam Buba, Dadin Kowa: Ni manomin rani ne, zan faɗi laifinmu. A jikin kowace kwalbar feshi an rubuta kwana nawa za a jira kafin a tsinka, amma in mota ta zo daga Kwadon kuma tumatir na tsada wa zai jira? Wani ya fesa da yamma da safe ya cika kwando. Akwai masu zuwa su ce tunda takin shanu nake sawa za su sayar a matsayin oganik, na ce musu taki daban feshi daban.

Abban Sadiq: Na yi karatu a Ingila, can kalmar tana da doka, sai an zo an duba gona an ba da satifiket kafin ka rubuta ta. Duk da haka yadda aka yi noman kawai take nufi. A 2021 wani kwamitin majalisar Amurka ya fitar da rahoto an samu dalma da gubar asenik a abincin jarirai na kanti, har da masu tambarin oganik, don daga ƙasa da ruwa shuka ke zuƙo su. Mu nan kuma firinta kawai mutum yake buƙata. Ko lambar NAFDAC rajista ce, ba shaidar oganik ba ce.

Adda Jummai: Ba ku ma taɓo masu man shafawa ba. Ƙanwata ta sayi wani haɗin "oganik na yara", sati uku 'yarta ta yi fari fat kamar ba jininmu ba, da ta daina fatar ta yi ta ƙuraje. Man kaɗanya ne zai yi wannan aikin? Ku bar ni dai.

Maman Ilham: Innalillahi, kwallin nan kullum Goggo sai ta sa mata bayan wanka. Sista a ina ake gwajin jinin, kuma yaya kika fara yi wa surukar taki maganar? Hamma Sale nawa ne buhun yanzu, gyaɗa ma yana riƙewa?

Hamma Sale: Yana riƙewa Hajiya, in dai ta bushe ƙarau kafin a zuba, mai danshi fumfuna take yi kuma ita ma guba ce. Farashin sai na leƙa kasuwa gobe.